Ranar da Mai Bandar Kifi Ta Tada Mini Mota

Ko na tsufa na manta sunan jikokina, ba na jin zan manta da safiyar da motata ta tozarta ni a bakin tabkin Madarunfa. A lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ban daɗe da sayen wata tsohuwar mota ba, kaina ya kumbura har hula ta yi mini kaɗan. Ana bikin ƙanwar matata a Safo, sai na aika wa surukata cewa kifin abincin rana na baƙi duka a wuyana yake, ɗanye, kafin rana ta take. Ba wanda ya tambaye ni fa. Bakina ne ya ja mini, don na gaji da jin ana yabon mijin yayar matata mai shago a Maraɗi.

Da hantsi na cika kwando biyu da karfasa, na sa a bayan mota. Wani mai amalanke ɗan Safo ya gane ni, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci, ya ce, "Mushe, gida za ni, kawo in rage maka kaya." Na dubi jakinsa, na dubi motata, na yi dariya na ce, "Ka gaida mutanen hanya, in na wuce ka zan ɗaga maka hannu."

Na shiga, na murɗa makulli. Ƙas-ƙas-ƙas! Shi ke nan. Na sake murɗawa, ƙas-ƙas-ƙas, kamar tsohuwa na ƙoƙarin kunna ashana mai laima.

Kafin in fito an kewaye ni. Ashe duk masuntan tabkin nan makanikai ne, kamun kifi sha'awa ce kawai. Wani ya ce demarer mai tada inji ce ta maƙale, ya shige ƙarƙashi da dutse ya yi ta dukanta kamar ya kama ɓarawon akuya. Wani ya rantse isansi ne, man kwalba na garin Ɗan Issa na sha, rabinsa ruwa. Muka ce a tura, ƙafafun motar suka nutse cikin rairayi, ƙarti shida suka fito da gumi da zagi. Wani dattijon masunci kuwa ya girgiza kai ya ce, "Yaro, kan hanyar masu ruwa ka aje ta, kuma ba ka yi sallama ba." Ni da nake koya wa yara kimiyya, wallahi sai ga ni na duƙa ina yi wa tabki sallama har sau uku.

Can gefe akwai wata dattijuwa mai bandar kifi, tana fifita wutarta. Tun ƙas ɗin farko ta ɗaga murya ta ce, "Ɗana, buɗe kapo, murfin injin nan, ka duba kan batir." Na ce, "Inna, ki ji da hayaƙinki, wannan ba tukunya ba ce." Mutane suka yi dariya, na ji daɗi. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, jiya da yamma wuta ta ɗauke ana tsakiyar kokowa, na ciro batirin na haɗa da talabijin don maƙwabta su gani su san na isa. Da zan mayar ban ga kile, ƙarfen ɗaure noti ba, na murɗa da yatsu na ce gobe. Na tuna sarai. Amma in yarda mai kifi ta riga ni gane ciwon motata, a gaban jama'a? Ina!

Rana ta take, ƙuda suka fara zuwa gaisuwa bayan mota. Waya ta yi ta ƙara, matata ce, na kasa ɗauka. Nan ne tsoro ya kama ni na gaske, don a raina na hango mata sun ɗora tukwane, an jajjaga kayan miya, surukata na leƙen hanya. Na je na tsuguna gaban dattijuwar na ce, "Inna, don Allah."

Ba ta yi mini gori ba, wanda ya fi gorin ciwo. Ta ce in kunna fitilu in murɗa makulli. Fitilun suka lumshe suka mutu. Ta ce, "Ka gani? Wuta na nan, hanya ce ba ta samu." Na buɗe kapo. Kan batirin ya yi fari fat da wani gari, wayar kuma na rawa kamar haƙorin da ya kusa fita. Ta jiƙa kanwa a ruwan zafi ta zuba, wurin ya yi kumfa, ta kankare da wuƙar ɓare kifi. Ta yanko ɗan ɓallin gwangwanin tumatir ta cusa a tsakani, ta ɗan bubbuga da ƙotar wuƙar. "Mai gidana, Allah ya jiƙan shi, direba ne," in ji ta. "Shekara da shekaru ni ke riƙe mashi fitila. Murɗa."

Murɗawa ɗaya mota ta ɗauka. Dattijon masunci ya ce, "To, ka ga amfanin sallama."

Na iso Safo bayan azahar. Tun kafin in buɗe bayan mota wari ya riga ni yin sallama. Baƙi sun ci tuwo da miyar kuka lami sun watse. Mai amalanken nan yana gindin iccen bedi, ya ci ya ƙoshi, da ya gan ni sai ya ɗaga mini hannu. Surukata ba ta fito ba, kunyar suruki ta hana, amma ta aiko matata da saƙo: an gode ƙwarai, Allah ya saka, in wani bikin ya taso a ba jaki kifin.

Na yi shekaru ina ba da labarin nan ina ɗora wa batir laifi. Ƙarya nake. Gyaran bai kai tsawon shan shayi ɗaya ba, sauran awoyin duka girman kaina ne ya cinye su, tare da kwando biyu na karfasa. Tun daga ranar, in mota ta yi ƙas-ƙas, kan batir nake fara dubawa. In kuma wani ya ba ni shawara, na daina duba abin da ke hannunsa kafin in saurara.