Hatimin Baba Kwafi

A ƙarƙashin matakalar ginin wata tsangaya ta jami'a akwai wani lungu da mutum ba ya iya miƙewa tsaye a cikinsa sai daga bakin ƙofa. A nan Baba Kwafi ya tsufa. Ɗaliban jami'ar ne suka laƙaba masa sunan tun gashinsa na baƙi wuluk, furfura ta zo daga baya ta gaskata su. Dukiyarsa injin kwafin takardu ɗaya ce da ya saya na hannu, da benci, da fankar da ke juya kai kamar mai ƙin magana. Da wannan lungu ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'yansa mata, kuma ban da shi ba shi da ko'ina.

Littattafan jami'a masu kauri ne, murfin inji ba ya rufuwa a kansu. Don haka a buɗe yake aiki, hasken injin yana sharar fuskarsa daga safe zuwa yamma, har idanunsa suka koma zubar da ruwa ba dalili. Bai damu ba. Abin da ya dame shi shi ne a ce aikinsa ya fita da karkataccen shafi. Yana da alfahari irin na tela, shi ya sa ya sa aka sassaƙa masa hatimi, kowane kwafi ya gama sai ya buga shi a bangon baya, shuɗi raɗau.

"Malam, kai ka rubuta littafin da kake sa masa hatimi?" matarsa takan tsokane shi.

"Ni na haife shi karo na biyu," yakan ce. "Ai mu ma 'yan tsangaya ne."

Da gaske yake faɗa, abin tausayin ke nan. Malamai kuwa suna da tasu hanyar. Ba wanda ya taɓa ba shi umarni a rubuce. Malami zai ajiye littafi a kan inji yana wucewa, ya ce "na 'yan aji biyu," ya haye sama. Ɗalibai su yi layi su karɓa. Shugaban sashe, wani Farfesa mai fara'a da taushin murya, shi ya fi kowa kawo aiki, kuma ba ya kiransa da komai sai "mutumina". Wannan kalma ta fi wa Baba Kwafi kowane lada daɗi.

Wata rana ma'aikaciyar laburare ta sauko ta manna sanarwa a ƙofarsa, ta yi masa bayani a tsanake.

"Baba, daga yanzu babi ɗaya kawai za ka riƙa kwafa daga littafi, ko kashi ɗaya cikin goma, kuma sunan marubuci ya fito. Littafi sukutum haramun ne. Masu buga littattafai sun fara kai ƙara."

Tsoro ya kama shi, ya bi dokar. Malamai suka fara wuce shi ba gaisuwa, ɗalibai suna zaginsa a kunnensa, suna cewa tsoho ya zama ɗan sanda. Da abin ya ishe shi ya hau sama wurin Farfesa, ya durƙusa a gefen tebur.

"Ranka ya daɗe, takardar nan ce ta ɗaure mini hannu."

Farfesa ya yi dariya har da dafa kafaɗarsa. "Mutumina, dokar 'yan laburare ce. Yaran nan ina za su iya sayen littafin? Taimako kake yi. Ina nan, wa zai taɓa ka?" Ya miƙa masa wani jibgegen littafi. Baba Kwafi ya karɓa da hannu biyu, ya sauka zuciyarsa fes.

Kafin zangon karatu ya ƙare, wakilin kamfanin da ya buga littafin ya zo da kwafi guda da ya samu a hannun wata ɗaliba. Jami'a ta kafa kwamiti, ta naɗa Farfesa shugabansa, saboda kowa ya san shi da son gaskiya. Da Baba Kwafi ya ji haka har barci ya yi mai daɗi.

A ɗakin taron ba a ba shi kujera ba. Farfesa ya juya kwafin, ya nuna bangon baya.

"Hatimin wane ne wannan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Akwai sunan wani malami a jiki?"

"Babu."

"Akwai wanda ya rubuta maka cewa ka kwafa?"

Baba Kwafi ya ɗaga kai yana neman idon mutuminsa. Farfesa na goge tabarau. Daga nan ya yi jawabi mai ratsa jiki a kan gumin marubuta, ya ce shi ma marubuci ne, ya san zafin a sace wa mutum wahalarsa. Wakilin kamfani har da gyaɗa kai. Idanun tsohon suka yi ta zuba, wata malama ta ce a daina yi musu kukan munafunci.

Aka kore shi daga harabar jami'a, aka riƙe injin a matsayin shaida, aka garƙame lungun da kwaɗo. Matarsa ba ta ce "na gaya maka" ba, da ma ta faɗa da ya fi sauƙi. Cewa ta yi kawai an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, ta ci gaba da wanke-wankenta. Shi kuwa ya wuni a tabarma yana kare Farfesa, wai manya ne suka matsa masa, zai gyara in ƙura ta lafa.

Sai ga kira daga sakatariyar sashe, ta ce Farfesa na nemansa da gaggawa. Ya sa aka goge masa rigarsa mafi kyau, ya ce wa matarsa, "Kin gani ko?" A bakin ƙofar jami'a maigadin da suka daɗe suna shan shayi tare ya rataya masa katin baƙi a wuya.

Injinsa na ofishin Farfesa, kusa da taga, an ma shimfiɗa masa kyalle. A kan gilashin akwai littafin nan dai, a kife, a gefe kuma tarin kwafi masu farin bango.

"Yauwa, mutumina," in ji Farfesa, bai ɗago daga rubutunsa ba. "Abin naka ya cije takarda, ya ƙi kowa. Ɗalibai na jira."

Baba Kwafi ya matsa kusa da injin. Sannan ya durƙusa da gogaggiyar rigarsa, ya buɗe cikin injin, ya zaro takardar a hankali don kada ta yage. Injin ya ɗauka.

"Nuna wa sakatariya yadda ka yi," Farfesa ya ce, "don kada mu riƙa wahalar da kai."

Ya nuna mata. Sau biyu, don ta ce ba ta gane ba.