Injin da Na Zaɓa wa Baba

Mahaifina kafinta ne a Kura, amma ba da gado ko kujera aka san shi ba. Da ado aka san shi. Zai ɗauko jan katakon maɗaci, ya haƙa masa gurbi da kurfi, ƙarfen sassaƙa, ya yanko farin katako daidai gurbin ya dasa a ciki, ya goge har sai ka shafa ba ka ji inda suka haɗu ba. Taurari yake yi masu tsini takwas a fuskar gado da ƙofar kabad. Da an yanke shinkafa, manoma daga Bunkure da ƙauyukan bakin ruwa sukan zo su ba shi aikin kayan ɗakin 'ya'yansu.

Ni ce 'yarsa ta fari. Ina koyar da kwamfuta a wata makaranta a nan garin, kuma ni na fara lura hannunsa na dama yana rawa, ranar da shayi ya zube masa a riga. Asibiti suka ce ciwon ba ya warkewa, sai dai a rage masa sauri. Bai daina zuwa shago ba. Sai da ya ɓata fuskar gado biyu a sati ɗaya, kurfi yana zamewa yana tsaga gefen tauraro, sannan ya zauna a benci ya daina taɓa komai.

Ni na kawo maganar inji. Na ce masa akwai iri biyu, kuma duka da kwamfuta suke aiki: ɗaya da haske mai zafi yake yanka, ana ce masa leza, ɗaya kuma ƙarfe ne mai juyawa yake haƙa katako, ana ce masa si-en-si. Na ce zane nasa ne, ni zan sa a kwamfuta, inji ya zama hannunsa.

"Kin taɓa ganinsu da idonki?" ya tambaye ni.

"A waya kawai, Baba."

"To mu je mu gani."

Muka hau mota zuwa Kano ranar wata Asabar, yana rungume da guntayen katako a leda. Mai lezar mutum ne mai fara'a. Na ba shi zanen, ya danna, jan haske ya bi farin katakon kamar ana ja da alƙalami, hayaƙi yana tashi. Kafin mu gama gaisawa tauraro ya fito, tsininsa kamar allura. Baba ya ɗauka ya juya. Gefen duk ya yi baƙi, har ya shafa masa a yatsa.

"An ƙona shi," ya ce.

Mutumin ya ce ana gogewa. Baba ya ce idan aka goge ƙunar, tauraron ya ragu, ba zai cika gurbinsa ba. Idan ba a goge ba, baƙin layi zai zagaye shi har abada. Mutumin bai musa ba. Ya ƙara da cewa injin ya fi son siririn katako, ba ya haƙa gurbi mai zurfi da shimfiɗaɗɗen ƙasa.

Mai ɗaya injin yana can wata unguwa, sai bayan azahar muka same shi. Nasa ƙara gare shi, ga garin katako ko'ina. Ya haƙa gurbi mai tsabta, babu ƙuna. Amma bakin ƙarfen zagayayye ne, sai lungunan tauraron suka fito da kumbura, ba tsini. Ya ce akwai wani baki mai tsini da ke gyara wannan, sai dai yana cin lokaci, kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, katakon ya tashi a banza.

A mota muna dawowa, muka fara ganin gonakin shinkafa. Sannan Baba ya ce, "Ɗaya yana ƙonawa, ɗaya yana dakushewa. Ke za ki riƙe shi, ki zaɓa."

Na roƙe shi ya faɗi wanda ya fi kwanta masa. Ya ce babu.

Kwana da kwanaki ina juya abin. Na zaɓi mai haƙa, don na ga ya fi kama da kurfi, ina tunanin ransa zai fi karɓarsa. Don sayen injin, Baba ya sayar da gonarsa ta bakin kwatar ban ruwa, wadda ruwa ba ya yanke mata ko da rani. Mahaifiyata ta ce a sake tunani, na ce mata aiki zai dawo da ita. Da bakina na faɗa.

Injin ya zo, da janareto. Wata uku ina ɓata katako ina karya bakin ƙarfen kafin tauraro na farko ya zauna daidai, da tsininsa da komai. Na kai masa da gudu. Ya shafa da hannun hagu, ya daɗe yana shafawa.

"Ya yi kyau. Allah ya yi miki albarka."

Na haƙa guda goma sha biyu a fuskar gado ɗaya, duk iri ɗaya, babu wanda ya fi wani ko da gashi. Ya duba ya ce shi bai taɓa iya haka ba. Ban gane ko yabo ne ba, ban kuma tambaya ba.

Abin da ban duba ba shi ne masu saye. Kaka ta zo, wani tsohon abokin cinikin Baba ya shigo da 'yarsa da za a aurar. Ta gaishe mu da ladabi, ta kalli gadon, sannan ta nuna wa mahaifinta hoto a waya: farin gado mai ƙyalli da fitilu a jiki, irin na matsattsen katako da ake kawowa daga birni. Uban ya ji kunya, ya yi ta ba Baba haƙuri.

"Ba komai, Alhaji. Ita za ta kwana a kai."

Haka shekarar ta wuce. Gado biyu muka sayar. Shekara ta biyu ma ba ta fi ta ba, ga mai ya yi tsada, kowane kunna janareto sai na yi tunani. Na koma yanka allon suna na shaguna da injinan casar shinkafa, haruffa manya a kan fallen katako, aikin da leza za ta yi cikin rabin lokacin. Na faɗa wa Baba cewa ina ganin na yi kuskuren zaɓi. Ya ce ko ɗayan na ɗauko, yarinyar nan farin gadonta za ta saya.

Sau ɗaya ya ce in nuna masa yadda ake zanen. Na zaunar da shi gaban kwamfuta, na ɗora hannunsa a kan linzamin kwamfutar. Kibiyar ta dinga tsalle a allo, ta ƙi tsayawa inda yake so. Ya gwada da hagu, ya sake gwadawa. Sannan ya janye hannun ya sa a aljihu.

"Bar shi, uwata."

Tun daga ranar bai sake shiga shagon ba. Yanzu ciwon ya kai ƙafa, a zaure yake yini, ƙanena yana kai shi masallaci a babur. Ni nakan buɗe shagon ranar Asabar idan akwai allo, idan babu in share ƙura in sa wa injin mai in rufe. Na sa shi a kasuwa tun bara. Mutum biyu sun zo sun duba, dukansu suka tambaye ni ko ina da leza.