Hannun Hajjo Mai Yaji

A shekarun da motocin gyaɗa ke tasowa daga Maraɗi su bi ta Jibiya zuwa Kano, babu direban da bai san Hajjo mai yaji ba. Rumfarta na dab da shingen kwastan. Tsiduhu take dakawa, ɗan mitsitsin barkonon nan da in ka lasa sai zufa ta keto maka, hanci ya yi ta zuba, kunnuwa su ɗau zafi. Wani ma'aikacin duwan, wato kwastan na ɓangaren Faransa, ya taɓa cika baki ya kamfata, aka tarar da shi durƙushe gaban randa yana kiran uwarsa.

Shekara ashirin tana wannan sana'a, har yajin ya zauna mata a tafin hannu. Ko ta wanke da toka, in ta shafi fuskar yaro sai ya tsala ihu. Yaran unguwa daga nesa suke gaishe ta. Takan yi dariya, amma abin yana cin ranta.

Sai ga ɗiyarta Luba, wadda ta shekara tara da aure ba haihuwa, ta zo gida goyon ciki. Hajjo ta rantse ita za ta riƙa yi wa jikanta wanka. To, amma wa zai daka yajin jego?

"Inna, in ba ke kika daka ba, mi mutane za su ce?" in ji Luba.

"Su ce abin da suka ga dama, ɗiyata."

Hajjo ta kife turmi. Ta haɗiye girman kai, ta aika da kayan yajin wurin Sakinatu, maƙwabciyar da ta daɗe tana yi wa ba'a wai yajinta ko ƙuda ba ya kora. Direbobi suka yi ta ƙorafi, ta toshe kunne. Kullum sai ta tsoma hannuwanta cikin kindirmon da Fulanin Mazanya ke kawowa, sannan ta taɓa idonta ta ji. Mako uku idon yana yi mata raɗaɗi.

Da hantsin wata Laraba Luba ta sauka, namiji. Ungozoma ta gama aikinta ta miƙo shi. Hajjo ta tsaya, ta sake taɓa idonta. Babu raɗaɗi.

Ta yi bisimilla ta karɓe shi, ta shafa kumatunsa da ɗan yatsa. Jariri ya yi miƙa, ya yi hamma, ya lafe a tafin hannunta.

"Sakinatu," in ji Hajjo, "miƙo ruwan wankan nan, kada ya huce."