Matar da ke Gidan Gaba

Ranar da aka zo neman aurena, Baba bai tambayi asalin mutumin ba, bai tambayi karatunsa ba. Sana'a ya fara tambaya. Da aka ce direba ne, sai ya ɗaure fuska har baƙin suka soma gyara zama.

A Durba ta wancan lokacin, can ƙasar Kibiya, an gama yanke wa direba hukunci tun kafin ya yi sallama. Ba ya salla a kan lokaci, yana busa taba, bakinsa ba linzami, kuma duk garin da motarsa ta kwana yana da mace a ajiye. Masu faɗin haka yawancinsu ba su taɓa ko shan fura da direba ba. Ƙeyarsa kawai suke hange daga bayan mota in za su Kano. Amma in suna ba da labari, ka rantse tare ake yawon da su.

Ni dai ina so, kuma ban ɓoye ba. Inna ta sa baki, kawuna ya sa baki, Baba ya yarda ba da son ransa ba. Sauran surukansa Malam yake ce musu. Nawa kuwa Direba ne, daga ranar ɗaurin aure har abin da ya yi sama.

Aka kai ni Rano, wani ɗan gida a gefen gari, duwatsu a bayanmu. Iyayensa sun rasu, ba ƙane ba ƙanwa, saboda haka in ya fita gidan ya zama nawa ni kaɗai da kaji. Babbar motar katako ta wani Alhaji yake ja. In kaka ta yi aka fara cinikin gyada, sai in manta kalar muryarsa. Zan tuƙa tuwo da yamma, in rufe nasa, gari ya waye in yi ɗumamensa in ci ni ɗaya. Har na iya bambance kukan injinsa da na sauran motoci, ya zama aikina ke nan, saurare. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, ba zan yi ƙarya ba. Maƙwabta in sun leƙo, gaisuwarsu ɗaya ce: “Amarya, jiya kuma a wane gari aka kwana?” Su yi dariya, in taya su, su fita in ji kamar in jefe su da muciya. Kaɗaicin nan ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa mata a wani gida kusa da mu. Mutane na je nema, karatun ya biyo baya.

Shekarar da aka samu mulkin kai, wata ranar kasuwa, Goggo ta faɗo min ko sallamar kirki babu. Ƙanwar Baba ce, daddawa take kawowa kasuwar Rano, kuma ba labarin da ke wuce ta. Ta zaro wata takarda a naɗe daga cikin zaninta, ta shimfiɗa a kan tabarma, ta danne gefe da ƙafa.

“Ke 'yar nan, buɗe idonki da kyau. Waye wannan?”

Kalanda ce, irin wadda wani kamfanin sayar da motoci na Kano yake rabawa kyauta. A bangon shagon tela ta gan ta, maza sun yi dafifi suna kallo, ta ratsa su ta cizgo. Ƙaramar mota ce a hoton, baƙa wuluk tana sheƙi, irin wadda sai hakimi ko Bature muke gani a ciki. Mutum na riƙe da sitiyari, da farar babbar riga da hula ta gani ta faɗa, yana dariya har haƙoransa duk a waje. A gefensa, a gidan gaba, wata mace ce da ɗauri ya kai ɗauri, ta ɗan karkato kafaɗa wajensa. Yara biyu sun leƙo ta tagar baya. A ƙasa an yi rubutu da manyan baƙaƙe, na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya mana: MOTAR MAGIDANCI.

Mijina ne. Har ɗan tabon da ke girarsa ya fito.

“Ai dama an faɗa,” in ji Goggo. “Mata, 'ya'ya har biyu, ga mota. Ke kuma an ajiye ki nan kina gadin kaji. Ɗauko mayafinki.”

A lokacin mutanenmu ba su san ana talla da hoto ba. Talla a wurinmu ita ce a ɗora faranti a ka, a bi layi ana kiran abin da aka ɗauko. Hoto kuwa abu ne mai girma, ba ka zama a ɗauke ka sai da naka. Ni ma abin da na sani ke nan. Na bi Goggo gida, kafin mu isa Durba labari ya riga mu.

Zaman da na yi a gidanmu ya fi na Rano ciwo. A can babu kowa, a nan gida cike da mutane amma kowa tausayina yake ji, in na shigo a yi shiru. Matan unguwa suka riƙa zuwa duba Inna wadda lafiyarta ƙalau, don dai a fito musu da kalanda. Wata ta ce matar ta fi ni haske. Wata ta ce babban yaron ya ɗauko hancinsa sak. Baba kuwa, na ji ya gaya wa kawuna cewa in Direba ya zo, takardata zai ba da ya kama gabansa. Shi kuwa yana can wajen ɗaukar gyada, bai ma san na bar gida ba.

Abin da ban iya gaya wa kowa ba shi ne, matar ba ta dame ni kamar dariyar ba. Ni ban san shi da wannan dariyar ba. Mutumin da na sani yana shigowa ne idanu jajir, hannu duk baƙin mai, ya yi salla, ya ci abinci, barci ya kwashe shi ina tsakiyar ba shi labari. Ga kuma wurin zaman. Tun da aka yi aurenmu ban taɓa shiga gidan gaba ba, don wurin na manya ne, malamin haraji ko wani attajiri. Ashe akwai wadda ake buɗe wa ƙofa.

Rannan da hantsi na ji kukan injinsa tun daga nesa. Ya tsaya a bakin gari, ya shigo da ƙafa, ya durƙusa a zaure. Na laɓe a bayan katanga. Baba ya shimfiɗa masa kalandar a gaba.

Ya daɗe yana kallo, don shi ma ranar ya fara ganinta. Sannan ya yi bayani. Ya je kamfanin ne karɓo wa Alhaji kayan gyara, wani Bature da mai ɗaukar hoto suka ce tsayinsa ya yi, kuma ya iya riƙon sitiyari. Aka ara masa riga da hula, aka zaunar da shi. Matar a ofishin take aiki, yaran na maigadi ne. Motar ko tayar da ita ba a yi ba. Da aka gama aka karɓe rigar.

“Talla ce, Baba,” ya ce.

“Talla? Me kake sayarwa, matar ko 'ya'yan?”

“Motar suke so a saya.”

“Motar taka ce?”

“A'a.”

“Rigar fa?”

“A'a, Baba.”

“Iyalin?”

“Wallahi ko sunanta ban sani ba.”

“To kai da ba naka ko ɗaya a ciki, dariyar me kake yi haka?”

“Cewa aka yi in yi.”

Kawuna ya tuntsire da dariya, Baba bai yi ba. Ya ce in kamfani na neman magidanci, ai ga magidanta nan cike da Kano, me zai sa su ɗauki direba? Mijina ya sunkuyar da kai. Ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa, Baba ya ce ba a kai nan ba, a kira yarinyar ta faɗi ra'ayinta.

Na shigo na durƙusa. Ban san ko na yarda da shi ba a lokacin. Abin da na gani dai shi ne rigar da ke jikinsa, wadda ni na yi wa faci a kafaɗa. Na ce zan koma, amma a gidan gaba. Goggo ta saki salati. Baba ya dube ni, ya dube shi, ya tashi ya shige cikin gida.

Akwai wani malamin gona da ya riga ya kama wurin, dole ya koma baya kan buhunan gyada yana ƙunƙuni. Na hau da ƙyar, na gyara mayafi, na ɗan karkata kafaɗa kamar yadda na ga matar ta yi. Kafin mu fita Kibiya na daina. Zafin inji yana dukan ƙafata, warin mai yana hawa kaina, ƙara kuwa ko ihu na yi ba zai ji ba. Na juya na dubi mijina. Ya kafe ido a kan hanya, jijiyoyin hannunsa sun tashi, yana kokawa da sitiyari a kowane rami, gumi na bin wuyansa. Ko sau ɗaya bai dube ni ba, balle dariya. Ni da nake zaton ni kaɗai ce ba ni da abokin magana, ashe haka yake wuni, daga gari zuwa gari, shi da ƙarar nan. Tausayinsa ya kama ni har na yi hawaye, shi kuma da muka isa Rano ya ce ai haka hayaƙin yake yi wa wanda bai saba ba.

Gari dai bai canza ra'ayi ba. Har muka tara 'ya'ya ana nuna ni ana cewa mijinta na da iyali a Kano. Baba ya rasu yana ce masa Direba. Ni kuma ban sake neman gidan gaba ba, na koma sauraren injinsa, sai dai in ya yi barci ina cikin magana na daina fushi.

Mijina ma ya daɗe da rasuwa yanzu. Bai taɓa mallakar ko keke ba, kuma bai sake zama gaban mai hoto ba. Kalandar nan ita ce kaɗai fuskarsa da ta rage min. Na sha ɗauko almakashi in yanke matar, sai in ga kafaɗarta ta shiga tasa, ba yadda za a raba ba a taɓa shi ba. Haka na bar su a bangon ɗakina.

Kwanaki jikata ta tsaya tana kallo, ta ce, “Kaka, ke ce wannan a kusa da shi?”

Na ce a'a.

“To ke kina ina?”

Na ce ina gida, na rufe masa tuwo.