Wuƙar da Yaya Bai Ƙarasa Ba

Yayana maƙeri ne. Shi ya gaji maƙerar mahaifinmu da ke wani lungu kusa da Ƙofar Gayan, ni kuwa aka sa ni boko, na zama malamin firamare. Shekara tara ya ba ni. Ba mu taɓa faɗa ba, amma kuma ba mu cika hira ba. In na je gaishe shi ranar Juma'a nakan tsaya daga bakin ƙofa don kada toka ta ɓata mini riga, shi kuma ya amsa bai ɗago kai daga aiki ba. Haka muka yi shekara ashirin da wani abu.

Wata Laraba bayan azahar ya yanke jiki ya faɗi a maƙera. Likitoci suka ce hawan jini ne. Bayan sati uku aka sallamo shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, sai mutum ya kasa kunne sosai kafin ya gane abin da yake faɗa. 'Ya'yansa duk mata ne, suna gidajen aurensu. Aka sa wa maƙera kwado. Kullum da hantsi sai a shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya wuni yana kallon masu wucewa.

Wata Asabar na iske shi ya ƙi cin abinci. Matarsa ta ja ni gefe ta ce tun jiya haka yake. Wani dattijo manomi ne daga ƙauye ya zo duba shi. Ashe tun kafin ciwon, dattijon ya ba Yaya aikin ƙera masa ƙaramar wuƙa, irin wadda mahaifinmu ya taɓa yi wa mahaifinsa, wadda ta suɓuce wa dattijon ta faɗa rafi da damina. Da zai tafi sai ya ce wa Yaya a bar maganar wuƙa, lafiya ta fi.

Na zauna kusa da shi. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa kafin maganar ta fito.

"Ya ce a bari. Kamar na mutu."

"Haba Yaya, tausayi ne kawai ya ji."

"Ɗauko mabuɗi," in ji shi. "Kai za ka buga."

Rabona da riƙe masaba, gudumar maƙera, tun ina ɗan shekara goma sha biyar. Na faɗa masa haka, ya kau da kai. Na tashi na karɓo mabuɗin.

Ni da wani maƙwabci muka tallafe shi zuwa maƙera, muka jingina shi da bango. Ƙarfen wuƙar da Yaya ya fara bugawa yana nan inda ya faɗi a gindin uwar maƙera, dunƙulen ƙarfen da ake bugu a kai, guntun sifirin ɗin mota ne, ya riga ya fitar masa da tsini. Zugazugin fata an daɗe da ajiye shi, Yaya ya haɗa na wilin keke wanda ake juyawa da hannu ɗaya, don haka shi ya karɓi zuga da hagunsa. Na zuba gawayi, na hura wuta, na kama ƙarfen da awartaki.

Kalma uku ya yi ta maimaita mini wunin nan: buga, juya, tsaya. In na kauce sai ya doki ƙasa da sandarsa. Kafin la'asar tafin hannuna ya yi bororo, riga ta jiƙe sharkaf, amma wuƙa ta fara kama da wuƙa. Asabar ta biyu na daidaita bayanta, na goge bakinta da magagari. Saura a sake gasa ta a tsoma, don ƙarfen ya yi tauri ya riƙe kaifi.

A nan na yi ɓarna. Da ta yi ja ya ce mini wani abu, ni na ji kamar "ruwa" ya ce. Ashe gwangwanin baƙin mai da ke bayana yake nufi. Na cusa ta cikin randar ruwan sanyi. Na ji ƙas. Da na ɗago, ga tsaga tun daga baki har tsakiya.

Ya miƙo hannu, na ba shi bayan ta huce. Ya aza ta a cinya yana shafa wajen tsinin da babban yatsa, wajen da shi ya buga da hannunsa yana lafiya. Hawaye na zubo masa, ya gangara ta gefen bakin da ya karkace, bai share ba.

"Yaya, ka yafe mini."

Ya girgiza kai. "Bakina ne," ya ce. Sai can ya ƙara, "Da Baba ne, da ka sha mari."

Na yi dariya ina kuka. A iya tunawata, ranar muka fara dariya tare tun muna yara.

Muka sake yanko wani sifirin, aka fara daga farko. Wannan karon kafin kowane mataki sai na faɗi abin da zan yi, shi kuma ya gyaɗa kai ko ya doki ƙasa. Asabar uku ta ci. A tsakani ya riƙa ba ni labarai guntu-guntu, wasu sai na haɗa su a hanya ina komawa gida. A nan na ji cewa shi ma an so sa shi makaranta, shi ya ce a bar shi, don idon mahaifinmu ya fara rauni. Ban taɓa sani ba. Na tambaye shi ko ya yi nadama, ya ce, "Wani lokaci."

Da muka tsoma ta a mai, hayaƙi ya tashi, ta fito baƙa ƙirin ba tsaga. Na feƙe mata ƙota da ƙahon sa, na huda, na ɗaure da ƙusoshin tagulla biyu. Ƙotar ta ɗan karkace. Ya gani, ya kalle ni, ya ƙyale.

Saura kube. Akwai wani tsohon baduku a Kwarbai wanda tun zamanin mahaifinmu shi ke yi wa wuƙaƙen gidanmu kube. Na ce zan kai masa, Yaya ya ce da shi za a je. Keke mai ƙafa uku ya sauke mu a bakin lungu don ba ya iya shiga, na goya shi sauran tafiyar. Mutumin da ke ɗaga uwar maƙera shi kaɗai, na ji shi a bayana ba nauyi.

Tsohon ya karɓi wuƙar ya juya ta. Bai tambayi wanda ya ƙera ba. Ya fere falle biyu na icce marar nauyi, ya kwantar da wuƙar a tsakaninsu ya zana, ya rarake daidai jikinta. Sannan ya jawo jar fatar akuya da aka rina da karan dafi, ya jiƙa ta, ya ja ta a kan iccen har ta lafe.

"Baba, yaushe za mu dawo?" na tambaya.

"Ɗinki sai ta bushe. Ku ba ni kwana huɗu." Ya dubi Yaya. "Zanen gidanku zan yi mata, layi uku da ɗigo."

Yaya ya gyaɗa kai, ya ɗaga yatsu uku na hagu.

Bai ga kuben ba. Ranar Talata da safe ciwon ya sake bugunsa, kafin a samo mota ya cika. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa.

Sai bayan addu'ar bakwai na koma Kwarbai. Tsohon ya miƙo mini ita a naɗe cikin tsumma. Ɗinkin ya bi bayan kuben ƙanana-ƙanana, ga zanen da baƙi a kan ja, ga ɗan madauki na ratayawa. Na zare wuƙar na mayar, ta shige ba ƙara. Tsohon ya ce, "Wannan shi ne na ƙarshe da zan yi wa gidanku ke nan?" Na mayar da ita cikin tsumman, na yi masa godiya.

Manomin ya zo ta'aziyya ranar kasuwa. Bayan ya yi addu'a na ɗauko wuƙar na ba shi. Ya zare ta, ya gwada kaifin a gashin hannunsa, ya daɗe yana duban ƙotar.

"Malam, wannan ba hannunsa ba ne."

Na ce gaskiya ne, na kwashe yadda aka yi na faɗa masa, har da wadda na fasa. Ya sunkuyar da kai.

"Da na sani ban ce a bari ba," in ji shi. "Wallahi sauƙi na so in yi masa."

Na ce Yaya bai riƙe shi a zuci ba. Ya rataya wuƙar a ƙarƙashin rigarsa, ya nemi in raka shi maƙabarta. Muka je, ya tsuguna ya yi addu'a mai tsawo, sannan muka rabu a bakin ƙofar gari.

Da matar Yaya ta fita takaba, 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita. Wani tela ya kama ɗakin maƙerar, ya shafe bangon da farin fenti, ya sa fanka. Yana da kirki, duk sanda na wuce sai ya ce in shigo in sha ruwa. Har yau ban shiga ba.