Ranar da na sace iskar tayata a gindin falale

Shekarun baya, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa ƙauyenmu, har sai mutum ya hau tudu kafin ya ji muryar mai kiransa, na shiga ajin yaƙi da jahilci a Minna. Shekarata arba'in da 'yan kai, ga 'ya'ya shida, ga gonar doya. Ƙauyenmu yana can bayan Garatu, motar haya kuwa sai ranar kasuwa take leƙo mu. Na ce karatun nan sai na yi shi, don haka na yanke shawarar sayen mashin.

Maigidana ya raka ni wurin masu sayarwa. Ya nuna min irin na matan nan, ɗan gajere mai kwando a gaba, ya ce, "Ga daidai ke." Na tsuguna a gaban mutane, na zura hannu ƙarƙashin injin na auna tsakaninsa da ƙasa. Ko taƙi ɗaya bai cika ba. Na ce, "Malam, wannan a kan dutsen farko zai zubar da hanjinsa." Na zaɓi na maza, dogo, mai kuloci, mai haƙora a tayar baya, wanda da ƙyar ƙafata take taɓa ƙasa in na hau. Mai shagon ya dubi maigidana ya ce, "Alhaji, ke nan ita za ta riƙa tuƙa ka?" Maigidana ya ce, "Shekara ashirin da biyar tana yi, yau ne dai ta sami mashin."

Wani dattijo Banufe, bakanike mutumin Bida, shi ya koya min kula da shi. Direba yake kirana. Duk mako in wanke sarƙa da kananzir in ɗiga mata baƙin mai, in wanke soson iska, in kwance filogi in duba fuskarsa. "Direba, in kin gan shi baƙi ƙirin, mai ya yi masa yawa. In fari ne fat, yunwa yake ji." Wallahi na iya kwance filogi kafin na iya rubuta sunansa.

Ba na manta safiyoyin nan. In fita rana ba ta gama buɗe ido ba, raɓa tana jiƙa min gefen zane, tururi yana tashi daga tsibin doya kamar ƙasa ce take numfashi. Ina tafe ina maimaita baƙaƙe da ƙarfi, ba mai jina sai kurciyoyi. Wani lokacin sai in ga kamar ni a tsaye nake, gonakin ne suke wucewa.

Da damina ta yi nisa, Malamarmu ta sa ranar jarrabawa, ƙarfe tara na safe. Ta ce wadda ba ta zo ba za ta maimaita shekara. Ni kuwa na sani babu wata shekarar a hannuna, don da ƙyar aka bar min wannan ɗin. In na faɗi, gona ce za ta haɗiye ni.

Ana gobe jarrabawa na kai sabuwar doya Garatu. Duk mai ɗaukar doya a mashin ya san abin da ake yi: a sa mai faci ya ɗura wa taya iska har ta yi tauri, kada kaya su danne ta. Na tsaya a kansa ina cewa ƙara, ƙara. Na dawo gida ke nan aka kece da ruwa, kafin gari ya waye ya tafi da kwalbatin hanyarmu. Hanya ɗaya ta rage, ta masu itace, wadda take hawa kan wani ƙaton falalen dutse. Maza kan hau shi da mashin da rani. Da damina ban taɓa ganin wanda ya gwada ba.

Ranar jarrabawa na iso gindinsa bakwai da rabi. Dutsen baƙi, jiƙaƙƙe, yana sheƙi. Na ja baya na taho da gudu. Ko kwatan hawan ban kai ba tayar baya ta fara juyawa a wuri ɗaya, mashin ya karkace ya kwantar da ni a hankali kamar mai shimfiɗa jariri. Na tashi na sake. Haka. Na uku har hijabina ya yage.

Na ce lallai ƙarfi ne ya rasa. Na kwance filogi, fuskarsa lafiya lau. Na taɓa sarƙa, daidai take. Na gwada kuloci, yana kamawa. Duk abin da Baba Banufe ya koya min na bi, mashin ba abin da ya same shi. Takwas ta gota. Na zauna a kan jiƙaƙƙen dutse ina zaginsa, ina zagin kwalbati, ina zagin wanda ya gina ta.

Sai ga wata tsohuwa Bagwariya ta fito daga cikin ciyawa, da damin itace a kafaɗa yadda matansu suke ɗauka. Na ce, "Sannu Mama." Ta amsa, ta dube ni, ta dubi mashin. Ta tuɓe silifas ɗinta ta soke a cikin itacen, za ta hau. Sai kuma ta tsaya, ta danna tayar baya da babban yatsan ƙafarta.

"'Yata, wannan abin naki takalmi ya sa."

Na ce, "Mama, taya ce."

"Na ga taya ce, ba makauniya ba ce ni. Dubi nan." Ta ɗora tafin ƙafarta a kan dutsen, ya baje, yatsun suka buɗe suka kama. "Dutse ba ya son abu mai tauri. Shi ma tauri gare shi, wa zai bi wani?"

Na daɗe ina kallon ƙafar nan, duk faso, shimfiɗe a kan dutse kamar an zuba ta. Sannan na ciro biron jarrabawata, na danna bakin bawul, inda ake ɗura wa taya iska, da tsinin murfinsa. Iskar da na tsaya jiya ina cewa a ƙara, ita nake saki tana tsaki. Tsohuwa tana dannawa da yatsa tana cewa, "Saura. Saura. To, bari haka." Na rage ta gaba ma kaɗan.

"Kuma ban da gudu," ta ce. "Wa ya kore ki?"

Na tattare zane, na sa giya ɗaya, na miƙe tsaye a kan matakan mashin don kada nauyina ya rinjayi mashin baya. Na ba shi wuta kaɗan kaɗan. Jama'a, sai ya kama. Yana hawa yana ƙugi a hankali, ina jin tayar tana lanƙwasa tana rungumar kowane ƙulli na dutsen. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na daina jin injin ma. Gajimare ya sauko har ina ganin zan shiga cikinsa, ruwa siriri yana gangarowa ta gefena, ni kuma ina tafiya sama a tsaye, mace mai 'ya'ya shida, ba abin da ke riƙe da ni sai taya mai laushi. Da na kai bisa, rana ta tsaga gajimaren, na hango rufin kwanon Minna can nesa yana ƙyalli kamar an baza tire-tire a shanya. Na waiga, tsohuwa tana tsakiyar dutsen tana hawowa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Na lallaɓa har Garatu kada ƙarfen tayar ya ciji tif ɗin da ke cikinta, mai faci ya mayar min da iska, na hau kwalta. Na shiga aji an riga an raba takardu. Malama ta kalli hijabina, ta kalli hannuna baƙi da mai, ta ce, "Maman yara, yaƙi kika je?" Na ce, "Malama, ba ni takardata, labari sai an tashi." Ta ba ni. Na ci jarrabawar, ba da yawa ba, amma na ci.

Ni mace ce mai tauri, kowa ya sani, kuma ban tuba ba. Sai dai tun ranar, in abu ya ƙi min, nakan tsaya in duba ko ni ce na cika iska. Gwiwoyina yanzu ba sa barina in hau mashin, amma har yau nakan yi mafarkin ina tsaye a kansa ina shiga gajimare.

Abu ɗaya ne yake ci min rai. Na yi ta bin hanyar nan bayan damina ina cigiyar tsohuwar, ban ƙara ganinta ba. Yau duk sunan da aka faɗa min zan iya rubuta shi, ita kuwa sauri ya hana ni tambayar nata.