Rediyon Malam Maje Mai Niƙa

"Ni ban ce wa mai sayar da rediyon kayansa ba su da kyau ba," in ji Malam Maje. "Cewa na yi ba su dace da gidana ba."

Muna zaune a kan benci a bakin shagon niƙansa da ke Gyaɗi-Gyaɗi, injin a kashe, masu markaɗen rana ba su fara zuwa ba. Labarin sabon rediyonsa yake ba ni, da ƙarfi kamar yadda ya saba, har mai shayin da ke tsallaken lungu yana ji yana murmushi.

Malam Maje mutumin wajen Bunkure ne. Ya shigo Kano yana saurayi, ya yi leburanci a wajen magina, daga baya wani mai injin niƙa a Unguwar Gano ya ɗauke shi. A can ya koyi ɗaura bel da gyaran faranti, ya koyi gane dawar da ba ta bushe ba tun daga ƙarar da take yi a cikin inji. Da ya tsaya da ƙafarsa ya buɗe nasa shagon. Injin ya ciyar da iyalinsa, ya aurar da 'ya'yansa, amma ya tafi da rabin jinsa. Kunnen dama, wanda yake fuskantar injin idan yana tsaye, shi ya fi taɓuwa. Na hagu da sauransa.

A gida, shi da matarsa Inna Saudatu suna da wata al'ada da ba su taɓa zama sun tsara ba. Bayan sallar asuba zai kunna rediyo a ɗakinsa, ita tana tsakar gida tana hura wuta. Su ji labarai, su ji gaishe-gaishe, sai kuma sanarwar rasuwa. A nan ne kowa yake da aikinsa. Shi yana jin sunaye su wuce kamar ruwa. Ita kuwa da an ce wance ta rasu a Darmanawa, ta bar 'ya'ya, cikinsu akwai wane da wance, sai ta ajiye muciya ta ɗaga murya ta ce surukar ƙanin mai gidan da suka fara haya ce, ya nemi hularsa. Dangin kowa a kanta suke, har na mutanen da ba ta taɓa gani ba. Da wannan suka yi suna a unguwa, ana cewa ba a rasa su a wajen gaisuwa.

Da jinsa ya ƙara raguwa sai muryar rediyon ta ƙara hawa. Maƙwabcinsu, wanda matarsa ta haihu a lokacin, ya yi haƙuri har ya gaji, ya aiko da magana cikin ladabi. Sai ɗansu Usaid, wanda yake aiki a Kaduna, ya aiko masa da ƙaramin rediyo da hedifon, irin mai rufe kunnuwa duka biyu.

Malam Maje ya ce a ranar ya ji abin da ya daɗe bai ji ba. Har numfashin mai karanta labarai yana ji. Sai dai da zarar ya soka wayar hedifon a jikin rediyon, sifikar takan ɗauke. Gidan ya yi tsit. Inna Saudatu ta ci gaba da damun kununta. Idan ya fito ta kan tambaye shi wa aka ce ya rasu, ya ce mutane dai, Allah ya jiƙansu.

Haka aka yi ta tafiya har ranar da ta je suna a Daurawa, wata aminiyarta ta amsa gaisuwarta a daƙile. Ashe yayar matar ce ta rasu, an yi sanarwa, har an yi sadakar bakwai, ba a ga Saudatu ba. Da ta dawo gida ta faɗa masa sunan marigayiyar, ya ce kamar ya ji wani abu mai kama da haka.

"Kamar ka ji," ta ce. "To kai ka ji, ni kuma an ce na daina zumunci."

Washegari da ya miƙa hannu zai ɗauki hedifon sai ya fasa. Ya kunna sifika ƙasa-ƙasa domin ta ji, shi kuma ya zauna yana kallon rediyon. Ita ma hakan bai yi mata daɗi ba, don ba wanda za ta yi musu da shi a kan abin da aka faɗa.

Usaid ne ya ce su je su zaɓi babba, mai haɗe da komai, rediyo da faifai da wurin haɗa wayar hannu don karatun Alƙur'ani, tunda ya riga ya sa musu wutar sola. Ya haɗa su da wani abokinsa Tanko, mai shagon kayan sauti a wajen kasuwar Tarauni. Malam Maje ya ce ba zai je shi kaɗai ba. Ya tare ɗan adaidaita sahu, Inna Saudatu ta ɗauko mayafinta na zuwa unguwa, shi kuma ya ɗaure hedifon a leda.

Tanko ya karɓe su hannu biyu. Ya fara da wani dogo mai fitilu kala-kala, ya kunna, gilashin shagon ya ɗauki rawa. Inna Saudatu ta tambaye shi ko gidan biki aka ce masa za su buɗe. Ya yi dariya ya sauko da wani. Duk wanda aka sauko da shi, Malam Maje ba ya tambayar ƙarfinsa ko ƙasar da aka ƙera shi. Sai ya kwance ledarsa ya soka hedifon, sifika ta ɗauke, ya girgiza kai.

"Baba, ai haka ake yin su," in ji Tanko. "Don kada ka dami mutanen gida."

"Ni kuma so nake in dame su. Kaɗan."

"Shekara nawa yana damuna," in ji Inna Saudatu daga kan kujera. "Yanzu ne zan ce ya bari?"

Sai a lokacin Tanko ya gane abin da suke nema. Ya tsaya yana sosa ƙeya, sannan ya shiga ciki ya fito da wani na hannu, baƙi, mai nauyi, da sifiku biyu daban. Ba shi da fitilu, murfin wurin faifan ma sai an ɗan taimaka masa kafin ya rufu. Amma a gabansa akwai wani ƙaramin maɓalli na sifika shi kaɗai. In ka so ka kashe ta, in ka so ka bar ta tana yi ko da an soka hedifon. Tanko ya faɗa musu gaskiya cewa tsoho ne, kuma abin murɗa murya guda ɗaya ne, in an ƙara wa kunne an ƙara wa ɗaki.

Wannan ne ya tsaya wa Malam Maje a rai, don ba ya so ya koma sa jaririn maƙwabci kuka. Sai ya ce a gwada. Ya zauna a kan wani kwali ya sa hedifon, ya ce wa matarsa ta fita ta tsaya daidai nisan murhunta da ƙofar ɗakinsa. Ta fita, ta auna da ido, ta tsaya kusa da mai sayar da lemo. Tanko ya fara murɗawa daga ƙasa a hankali. Bai yi nisa ba Malam Maje ya ɗaga hannu, ya ji sarai, tunda muryar a bakin kunnensa take. Aka leƙa waje. Inna Saudatu ta ce a ƙara ɗan kaɗan. Aka ƙara, ta gyaɗa kai. Tanko ya ɗauko jan fentin farce a shagon maƙwabciyarsa ya ɗiga a wurin, don kada a wuce.

A nan aka ga da sauran matsala. Tana tsaye a waje tana yi masa magana, bakinta yana motsi, shi ko alama. Ta dawo ciki ta ɗaga masa ɓari ɗaya na hedifon ta ce in haka ne ai da bango za ta riƙa hira. Ya tura na hagu baya, ya bar na dama a rufe, ya ce ta sake fita. Ta fita ta kira sunansa da muryarta ta tsakar gida. Ya amsa.

Na tambaye shi ko da kunnen daman, wanda ya fi lalacewa, yana jin rediyon sosai.

"Ba kamar da biyu ba," ya ce. "Amma shi rediyo in na rasa kalma ita za ta cika min. Mai lafiyar na bar mata."

Yanzu sifika ɗaya tana ɗakinsa, ɗayar Usaid ya ja mata waya ya kafa ta a ƙarƙashin rumfar kicin. Maƙwabcin bai sake aikowa ba. A makon da ya wuce sun je gaisuwa har Hotoro, ita ta gane sunan tun mai sanarwa bai gama jero 'ya'yan ba. Aminiyar tata ma ta sauko, har ta aiko da dambu.

Muna cikin haka wata mata ta iso da bokitin wake a ka, ta yi sallama. Bai ji ba sai da na taɓa shi. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya tambaye ta na ƙosai ne ko na alale, sannan ya shige shagon yana naɗe hannun riga.